Arthur Ashe: Ɗan Wasan Tanis Da Ya Sha Tsayuwa A Bakin Shinge

Ko kana Maiurno a bakin kogi, ko kana cikin ƙauyukan Jazira tsakanin hawashoshin auduga, ko kana Damazin da Rusairis, ko kuwa takardar nan ta same ka a tashar lori ta Gallabat kana jiran a buga maka hatimi, barkanmu da sake haɗuwa. A filin tarihi na wannan karo mun ɗauko labarin wani ɗan wasan tanis. Na san abin da za ka ce: ina ruwan mai kiwo da ɗan kasuwa da wasan masu fararen kaya? To, ɗan yi haƙuri ka karanta. Mutumin nan ya sha tsayuwa a bakin shinge ana juya takardarsa, kamar yadda ka sha tsayuwa. Sunansa Arthur Ashe. A rubuce kamar "ashe" ɗin nan namu ne na mamaki, amma a baki "Ash" ake cewa.

Bindiga a filin wasa

Bari mu fara daga ranar da dattawanmu ba su manta ba. Ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976, da safe, aka harbe shugaban Nijeriya Janar Murtala Muhammed, mutumin Kano, a cikin motarsa a Legas yana kan hanyar zuwa ofis. Laftanar Kanar Bukar Suka Dimka ya shiga gidan rediyo ya yi shelar juyin mulki. Juyin bai kai dare ba ya wargaje, amma Dimka ya tsere, aka rufe iyakoki da filayen jirgin sama, aka shiga farautarsa. An kai gawar Murtala Kano aka yi jana'iza.

A daidai makon nan ana wata babbar gasar tanis a Legas, wadda ta tara ƙwararru daga Amurka da Turai. Hatta Pele, sarkin ƙwallon ƙafa na Burazil, yana garin a kan wata ziyara ta daban, shi ma rufe iyakar ya ritsa da shi. Gari ya ɗau zafi, don jama'a da yawa suna zargin akwai hannun Amurka da Ingila a kisan, musamman da yake wata ɗaya kafin nan Murtala ya tsaya a Addis Ababa ya yi fatali da matsayin Amurka a kan Angola. Duk da haka masu shirya gasar suka ce a ci gaba.

Ranar Litinin 16 ga wata, Ashe yana karawa da wani Ba'amurke, Jeff Borowiak, a wasan kusa da na ƙarshe. Ashe ya ci turmin farko, an shiga na biyu, sai ga sojoji sun faɗo filin. Suna faɗa, suna cewa ƙasa tana makoki su kuma suna wasa. Ɗayansu ya dafa wa Ashe bakin bindiga a baya. 'Yan kallo suka watse, kowa ya yi ta kansa. Ashe ya ɗaga hannuwa sama, ya taka a hankali har ya fita, bai ce uffan ba. 'Yan wasan suka fake a hannun ofishin jakadancin Amurka har aka ba su izinin fita da jirgi. Sauran wasannin a wata ƙasa aka ƙarasa su, kuma Dick Stockton ne ya ɗauki kofin.

Wanda aka dafa wa bindigar nan, wata bakwai kafin ranar shi ne ya ci kofin Wimbledon, gasar da ta fi kowace daraja a tanis. Abin tambaya, a ina ya koyi wannan sanyin rai? Sai mun koma baya, can garinsu a Amurka.

Yaron gidan mai gadi

Kafin mu tafi, ga yadda wasan yake ga wanda bai taɓa gani ba. Fili ne mai tsawon kusan mita 24, an raba shi biyu da raga wadda tsayinta bai kai mita ɗaya ba a tsakiya. Kowane ɗan wasa yana riƙe da raket, wani abin bugu mai kama da rariya mai dogon mariƙi. Kana buga ƙaramar ƙwallo ta ƙetare raga ta faɗa cikin layin abokin karawarka. In ya kasa maido ta, ka ci. Ana tara ci har a gama turmi, kamar dai turmin dambe. A manyan gasannin maza, wanda ya fara cin turmi 3 cikin 5 shi ya yi nasara. Turawan mulki ne suka kawo mana shi, kuma a Khartoum da Kano da Kaduna ya daɗe yana zaman wasan kulob ɗinsu.

An haifi Ashe ranar 10 ga Yuli 1943 a birnin Richmond na jihar Virginia, a kudancin Amurka. Jikan bayi ne da aka kwaso daga Afirka ta Yamma. A zamanin nan doka ce ta raba baƙi da fari a jihar: makaranta daban, kujerar bas daban, filin wasa daban. Mahaifinsa shi ne mai kula da Brook Field, filin wasannin da aka ware wa baƙar fata, kuma gidansu a cikin filin yake. Wato yaron ya buɗe ido ya ga filin tanis a ƙofar ɗaki. Mahaifiyarsa ta rasu a 1950 yana da shekara 6. Siriri ne ƙwarai, uban ya hana shi wasannin ture-ture, sai ya kama raket yana da shekara 7. Wani ɗalibi mai suna Ronald Charity ya fara koya masa, daga baya ya miƙa shi ga wani likita baƙar fata a garin Lynchburg, Dokta Robert Walter Johnson, wanda shi ne ya taimaka wa Althea Gibson, baƙar mace ta farko da ta ci Wimbledon a 1957.

Likitan nan yana da ƙa'ida mai tsauri. A ƙananan gasanni 'yan wasa ne da kansu ke faɗin ko ƙwallo ta faɗa ciki ko waje. Ya ce wa yaransa, in ƙwallon abokin karawa ta faɗa kusa da layi, ko da ta ɗan fita, ku ba shi. Kada ku yi musu da alƙali, kada ku jefar da raket, kada a ga fushi a fuskarku. Dalilinsa, masu shirya gasa suna neman hujja ko ƙanƙanuwa ce su kori yaran baƙaƙe, shi kuwa ba zai ba su ita ba. Kai da ka taɓa tsayawa a dandalin sharo ka san wannan tarbiyya: bulala na sauka, saurayi na kallon madubi. Ashe ya tashi a kan haka, har ya zama ba a iya karanta fuskarsa ko yana ci ko ana cin sa.

Duk da wannan ladabi, a Richmond an hana shi shiga gasa a filayen Byrd Park na farare. Sai da ya bar garinsu ya koma St. Louis ya ƙarasa sakandare don ya sami abokan karawa. Daga nan jami'ar UCLA da ke California ta ɗauke shi karatu kyauta. A 1963 ya zama baƙar fata na farko da aka sa a ƙungiyar Amurka ta kofin Davis, wato gasar tanis ta ƙasa da ƙasa. Ka duba wannan abu: yana ɗauke da tutar ƙasa a waje, alhali a garin da aka binne cibiyarsa akwai filin da ba zai taka ba.

Kai mutumin Maiurno ba sai an yi maka dogon bayani ba. Kakanninka sun baro Burmi bayan yaƙin 1903, suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru har bakin wannan kogi. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, guminsu ya shiga audugar Jazira. Amma da dokar jinsiyya ta 1957 ta zo, sai ta ɗora sharaɗin zama a ƙasar tun ƙarshen 1897, mutane da yawa da aka haifa a nan suka wayi gari ana tambayarsu takarda. Ka yi wa ƙasa aiki a ce kai baƙo ne, wannan ciwo iri ɗaya ne ko a wane yare aka faɗe shi.

Kofi a hannu, aljihu wayam

Bayan ya gama jami'a a 1966 ya shiga soja, ya kai muƙamin laftana. Yaƙin Vietnam na ci a lokacin. Ƙaninsa Johnnie, wanda sojan ruwa ne, ya riga ya yi zango ɗaya a can ya dawo lafiya, amma ya nemi a sake tura shi, don ya san gwamnati ba ta cika tura 'yan'uwa biyu fagen yaƙi a lokaci guda ba. Da wannan sadaukarwa ta ƙani ne wan ya sami damar ci gaba da wasa.

Shekarar 1968 ita ce shekarar da aka kashe Martin Luther King, biranen Amurka suka kama da wuta. Ita ce kuma shekarar da aka fara barin masu wasa don kuɗi su shiga manyan gasanni tare da masu wasa don sha'awa. A watan Satumba, a New York, Ashe ya kai wasan ƙarshe na gasar US Open ta farko, ya doke Tom Okker ɗan ƙasar Holan bayan turmi 5. Turmin farko kaɗai sai da ya kai 14 da 12. Ladan wanda ya ci dala 14,000 ne. Amma da yake Ashe soja ne kuma an rubuta shi cikin masu wasan sha'awa, sai kuɗin suka tafi aljihun Okker da aka kayar. Shi kuwa dala 20 ta abinci ake ba shi kowace rana. Ɗan kasuwa zai ce wannan ciniki bai yi ba, kuma Ashe ma bai manta ba. A 1972 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasa ta ATP don su riƙa magana da murya ɗaya a kan haƙƙinsu, kamar dai yadda masu lori ko dillalan shanu ke kafa tasu, kuma a 1974 ya zama shugabanta. A tsakanin nan, a 1970, ya ci babban kofinsa na biyu a Ostireliya.

Bizar da aka hana

Yanzu sai mu ƙetaro nahiyarmu. Afirka ta Kudu tana ƙarƙashin mulkin wariyar launin fata, kuma tana da babbar gasar tanis a Johannesburg. Ashe ya nemi biza a 1969, aka hana shi. Ya sake nema, aka sake hanawa a 1970. Ga zakaran Amurka, ga fasfo lafiyayye, ba abin da ya rage sai launin fatarsa da kuma maganganun da ya yi a kan mulkin. Bai tsallaka ta ɓarauniyar hanya ba, bai kuma haƙura ya zauna a gida ba. Duk lokacin da aka mayar masa da takarda, sai ya ɗauki ƙin da aka yi ya kai gaban 'yan jarida da hukumomin wasanni, har gaban wani kwamiti na majalisar dokokin Amurka. Hanin da kansa ya zama shaida. A 1970 aka fitar da Afirka ta Kudu daga gasar kofin Davis ta shekarar.

A Nuwamba 1973 suka ba shi bizar. Ya gindaya sharuɗɗa: kada a raba wa 'yan kallo wurin zama bisa launi a lokacin gasar, kada a rubuta shi a matsayin "Bature na girmamawa" kamar yadda suke yi wa wasu baƙi, kuma a bar shi ya je inda yake so. Ya je Soweto, ya buga wasa da yara. Ya kai wasan ƙarshe, Jimmy Connors ya doke shi, amma shi da Okker suka ci kofin 'yan bibbiyu.

A nan akwai gardama, kuma bai kamata mu ɓoye maka ita ba. Shi Ashe yana ganin zuwa da kai ya fi aike: bari yaron Soweto ya ga baƙin mutum mai 'yanci da idonsa, yana kayar da farare a filinsu. Akwai yaran da wannan gani ya sauya musu rayuwa, cikinsu har da Mark Mathabane wanda daga baya ya zama marubuci. Amma wasu 'yan gwagwarmaya na ƙasar sun faɗa masa a fuska cewa zuwansa wanke gwamnati ne, don za ta nuna hotonsa ga duniya ta ce ai ga shi muna sassautawa. Ka san irin wannan a bakin iyaka: a buɗe wa mai suna ƙofa da fara'a, talakan da ke bayansa ya kwana a rana. Ashe ya saurare su, ya sake komawa wasu lokuta, amma bayan kisan ɗaliban Soweto a Yuni 1976 ra'ayinsa ya juya. Ya daina zuwa wasa can, ya koma kiran a ƙaurace wa ƙasar gaba ɗaya. A 1983 shi da mawaƙi Harry Belafonte suka kafa ƙungiyar 'yan wasa da masu fasaha masu adawa da wariya. A Janairu 1985 'yan sanda suka kama shi yana zanga-zanga a ƙofar ofishin jakadancin Afirka ta Kudu a Washington. Yaron da aka tarbiyyantar kada ya yi musu da alƙali, ga shi da ankwa a hannu, da saninsa da yardarsa.

Ranar da dabara ta kayar da ƙarfi

Mu dawo filin wasa, ranar 5 ga Yuli 1975, a Wimbledon ta birnin Landan. Ashe saura kwana 5 ya cika shekara 32, wato ya fara tsufa a wannan sana'a. Abokin karawarsa Jimmy Connors ne, mai shekara 22, bahago, mai riƙe da kofin, wanda ya iso wasan ƙarshe ba a ci shi turmi ko ɗaya ba. Bai taɓa faɗuwa a hannun Ashe ba. Ga kuma ƙiyayya a tsakani, don Connors ya kai Ashe ƙara kotu yana neman diyyar miliyoyin daloli a kan zargin ɓata suna. Masu caca duk sun ba Connors.

Shi Connors ƙarfinsa a nan yake: in ka buga masa ƙwallo da ƙarfi, da ƙarfinka zai maido maka ita ninki biyu. Ashe kuwa duk rayuwarsa da bugun ƙarfi aka san shi. Daren wasan ya zauna da abokansa, cikinsu har da Donald Dell da Dennis Ralston, suka tsara abin da za a yi. Washegari sai ya ajiye halinsa na shekara ashirin. Ya riƙa tura ƙwallo a hankali, ƙasa-ƙasa, tana zamewa a kan ciyawa, inda dole Connors ya sunkuya ya ɗago ta. In zai fara bugu sai ya karkata ta can gefe, ta fitar da Connors daga fili. In Connors ya matso raga sai ya ɗaga masa ita ta saman kai. Makiyayi ya san wannan: bijimin da ya taso ba a tarar sa gaba da gaba, kaucewa ake yi a bar shi da nauyinsa.

Turmin farko 6 da 1. Na biyu 6 da 1. Filin ya yi tsit. A lokacin hutu Ashe yakan zauna ya rufe ido, ba ya motsi. Connors ya farfaɗo ya ci na uku 7 da 5, ya kuma yi gaba da 3 da babu a na huɗu. A nan ne mai raunin zuciya zai tsorata ya koma tsohon halinsa. Ashe bai sauya ba, ya ci gaba da ba shi ƙwallo mai laushi, har ya kama shi ya wuce, ya rufe da 6 da 4. Ya ɗaga dunƙulallen hannu sau ɗaya, shi ke nan murnar. Har yau da nake wannan magana, shi kaɗai ne baƙin namiji da ya ci kofin mutum ɗaya a Wimbledon, haka a US Open, haka a Ostireliya.

Yaron Yawunde

Akwai babban kofi na huɗu, na Faransa, wanda Ashe bai taɓa ci shi kaɗai ba. Amma yana da hannu a labarin wanda ya ci. Tun kafin abin da ya faru a Legas ya saba zuwa Afirka. A 1970 ya zagaya ƙasashe da suka haɗa da Kenya da Nijeriya da Gana yana koya wa yara. A 1971 ya sauka a Yawunde ta Kamaru, aka kawo masa wani yaro mai shekara 11 ya buga da shi. Sunan yaron Yannick Noah, ɗan wani tsohon ɗan ƙwallon ƙafa na Kamaru da matarsa Bafaransa. Ashe ya ga abin da ya gani, ya ba shi raket, ya kuma yi magana da Philippe Chatrier na hukumar tanis ta Faransa. Aka ɗauki yaron zuwa makarantar horo a birnin Nice. A 1978 su biyun suka buga tare a matsayin abokan juna a Wimbledon. A Yuni 1983 Noah ya doke Mats Wilander ya ci kofin Faransa a Paris, mahaifinsa ya diro daga wurin 'yan kallo ya rungume shi. Tun daga ranar babu wani namiji ɗan Faransa da ya sake cin wannan kofi.

A shekarar nan ta 1983 wani ɗan Nijeriya, Nduka Odizor, ya kayar da Guillermo Vilas a Wimbledon ya kai zagaye na huɗu. A 1988 shi da Tony Mmoh da Sadiq Abdullahi suka wakilci Nijeriya a gasar Olamfik ta Seoul. Wasan da ya fara a bayan katangar kulob ya fito waje, ko da yake har yanzu tsadar kayansa da ƙarancin filaye suna tare yaran talakawa.

Shinge na ƙarshe

A Yuli 1979, yana da shekara 36, ciwon zuciya ya buge shi. Aka yi masa tiyata a Disamba, ya ajiye raket a 1980. Ya zama jagoran ƙungiyar Amurka ta kofin Davis, suka ci a 1981 da 1982. Ya kuma shafe shekaru yana tattara tarihin 'yan wasa baƙaƙen fata na Amurka, wanda ya fito cikin littafi 3 a 1988.

A 1983 aka sake yi masa tiyatar zuciya, aka ƙara masa jini. A lokacin ba a fara gwada jinin da ake ƙara wa marasa lafiya don gano ƙwayar HIV ba, sai a 1985 aka fara. Likitocinsa sun yi imani ta wannan jini ya kamu. Bai sani ba sai a 1988. Ya riƙe sirrinsa shi da iyalinsa saboda ƙaramar 'yarsu, don a zamanin mai ƙanjamau abin gudu ne, ana korar yara daga makaranta a kansa. Da ya ji wata jarida na shirin fallasawa, sai ya riga ta: ranar 8 ga Afrilu 1992 ya tara 'yan jarida ya faɗa da bakinsa. Abin ya yi masa ciwo, don ba shi ya zaɓi ranar ba. Amma da ya fito sai ya fito gaba ɗaya. Ya kafa gidauniyar yaƙi da cutar, ya yi jawabi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 1 ga Disamba. Mai karatu, ka riƙe wannan ko don wani naka: cutar nan tana shiga ta hanya fiye da ɗaya, kuma kunya da ɓoyo sun kashe mutanen da magani zai iya riƙewa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya yi a Satumba 1992. Bayan juyin mulkin da aka yi a Haiti a 1991, dubban mutane suka shiga kwale-kwale suna neman mafaka a Amurka. Jiragen ruwan gwamnati suna tare su a teku, a mayar da wasu, a tsare wasu a sansanin Guantanamo. Ashe ba ɗan Haiti ba ne, ba shi da ɗan'uwa a cikinsu, ga jiki ya rame, ga zuciya mai ɗinki biyu. Ya tafi ƙofar fadar White House ya shiga zanga-zanga, aka kama shi karo na biyu. Mutumin da ya san zafin a mayar maka da takarda bai iya kallon ana mayar da wasu ya yi shiru ba. Wata biyar bayan haka, ranar 6 ga Fabrairu 1993, ya rasu a New York yana da shekara 49.

An kai gawarsa Richmond, aka ajiye ta a gidan gwamnan jiha, dubban mutane suka yi layi. A 1996 aka kafa mutum-mutuminsa a titin Monument Avenue, bayan doguwar jayayya, don titin na janar-janar ɗin da suka yi yaƙi don kare bauta ne. A 1997 aka buɗe babban filin US Open da sunansa, filin tanis mafi girma a duniya. A 2019 aka sa sunansa a kan babban titin da ke kaiwa Byrd Park, inda aka kore shi yana yaro. Tsakanin 2020 da 2021 aka sauke gumakan janar-janar ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Nasa ne ya rage a titin.

To, mai karatu, ba zan ce maka haƙuri kaɗai ya buɗe masa ƙofofi ba, don ba haka tarihin ya nuna ba. Sanyin ran da likita ya koya masa ya fitar da shi da rai daga filin Legas, ya kuma ba shi kofin Wimbledon. Amma bizar Afirka ta Kudu ba ta fito ba sai da ya yi ta komawa yana nema, yana tara shaida, yana kai ƙara inda za a ji, tare da wasu. Da ya gane ya yi kuskure a kan zuwa can, ya sauya hanya a bainar jama'a. In gobe ka tsaya a Kurmuk ko Gallabat ko Joda, da garkenka ko da buhunanka, aka juya takardarka aka ce koma, ka riƙe fuskarka, ka riƙe kwanan wata da abin da aka ce maka, ka kai wa shugabannin ƙungiyarku, ka kuma waiwaya ka ga wa ke tsaye a bayanka a layi.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. A gaida mutanen gida, a gaida na ruga. Mu kwana lafiya.